JIRGIN SAMAN JAMUS NA "DA A CE"

Tun ran da aka gama yaƙin Hitila cikin watan Mayu 1945, akwai wata gardama da ta ƙi mutuwa a ƙasashen Turai da Amurka, har ta zama hanyar cin abincin waɗansu mutane. Gardamar kuwa ita ce, wai da a ce yaƙin nan ya ƙara shekara guda ya shiga 1946, da waɗanne irin jiragen sama Jamus za ta fito da su, kuma da wa zai ga bayan wani? Masu wannan tunani suka bi suka tono zane-zanen da injiniyoyin Jamus suka bari cikin akwatuna, suka shafa musu launi, suka ba su lamba da matuƙi, suka zana su cikin gajimare suna kakkaɓo jiragen Ingila da na Amurka sai ka ce yara sun tarar da kanya ta nuna. An buga littattafai a kansu, an ƙera 'yan ƙanana na roba ana sayarwa, an sa su cikin wasannin kwamfuta. Da yawa daga cikinku 'yan makaranta kun taɓa ganin irin hotunan nan: jirgi ba farfela, fikafikansa sun kwanta baya kamar na tsattsewa, wani ma ko wutsiya babu, sai ka ce jemage. Yaro ya gani ya riƙe baki, ya ce ashe saura ƙiris Jamus ta cinye duniya.

Mu dai ba mu hana ɗan makaranta ya ce "da a ce", gama wanda bai iya faɗinta ba bai fara tunani a kan tarihi ba tukuna. Amma in an faɗe ta sai a raka ta har gida. Jirgin da ke kan takarda ba ya shan mai, ba ya lalacewa, matuƙinsa ba ya mutuwa. Wanda zai tashi sama kuwa, sai an tambaya da wane ƙarfe za a ƙera shi, wa zai haƙo ƙarfen, ina za a sami man, wa zai tuƙa. In muka bi tambayoyin nan ɗaya ɗaya, za ku ga hanyar ta biyo ta Kano da Jos, har ta ratso nan Zariya.

Bari mu fara da injin. Ku je maƙera cikin birni ku tsaya ku dubi zuga-zugi. Yaron maƙeri na matsa fata, iska na shiga da ƙarfi, gawayi na yin ja. To, injin jet, watau injin jirgin da ba shi da farfela, ɗan'uwan wannan ne. Yana da baki a gaba, da wata fanka mai hawa hawa wadda ke zuƙo iska tana matse ta. Sai a fesa wa matsattsiyar iskar nan wani mai dangin kananzir, a kunna. Wutar ta kumbura ta nemi mafita, ta fita ta baya a guje, fitar nan tata kuwa ita ke tunkuɗa jirgin gaba. Amma kafin ta fita sai ta bugi wata fanka ta biyu ta juya ta, ita kuma wannan ta juya ta farkon, gama sanda guda ce ta haɗa su. Ku riƙe fankar nan ta biyu a zuciyarku, don a wuyanta labarin duka ya rataya. Cikin harshen wuta ta ke zaune, tana juyi wajen sau 8,700 a minti guda, an kuwa ce kada ta narke, kada ta miƙe, kada ta tsage.

Mutum biyu suka gano dabarar nan, kowa a garinsu. Ɗaya Baturen Ingila ne, Frank Whittle, wanda ya kai zanensa aka yi masa rajista tun 1930, amma manyansa suka yi ta jan ƙafa. Ɗayan Bajamushe ne, Hans von Ohain, wanda ya yi sa'a ya gamu da attajirin maƙerin jirage Ernst Heinkel. Saboda haka Jamus ta riga. Ran 27 ga Agusta 1939, saura kwana biyar a fara yaƙi, jirginsu mai suna He 178 ya tashi. Na Ingila bai tashi ba sai ran 15 ga Mayu 1941.

Wanda ya yi suna cikin na Jamus shi ne Me 262, na kamfanin Messerschmitt. Wannan ba na takarda ba ne, ya tashi, ya yi yaƙi, ya kashe mutane. Ran 18 ga Yuli 1942 ya fara tashi da injunan jet tsantsa. Gudunsa mil 540 a awa guda, watau daga Zariya zuwa Kano minti 10 ya ishe shi. Jirgin Amurka mafi gudu da ke raka masu jefa bom, wanda a ke kira Mustang, a kan bar shi a baya da wajen mil 100 a awa. Ga igwa huɗu a hancinsa, harsashi kaɗan ya isa ya karya babban jirgi. Babu mai musun cewa ran nan Jamus ta riga kowa.

Daga nan ne masu "da a ce" su ke kafa hujjarsu. Ran 26 ga Nuwamba 1943 aka nuna wa Hitila jirgin, sai ya ce shi mai jefa bom ya ke so a mai da shi. Cikin Mayu 1944 da ya ji ba a bi maganarsa ba sai ya hau faɗa, ya hana a ƙera shi don tare jirage. Sai su ce to ga shi, da Hitila bai sa baki ba, da tun 1943 sararin Jamus ya cika da Me 262, da ba mai jefa bom ɗin da zai koma gida. Maganar tana da daɗin ji, ta kuma yi wa hafsoshin Jamus da suka rubuta labarinsu bayan yaƙi daɗi ƙwarai, gama laifi tudu ne, ga kuma mataccen da za a ɗora wa. Amma in aka duba littattafan ma'aikatu sai a ga wani abu dabam. Gangar jirgi na nan a jere, inji ne babu. Injin nan mai suna Jumo 004 ya yi ta tsattsage fanka har ƙarshen 1943, ba a fara samunsa da yawa ba sai tsakiyar 1944. Ko Hitila ya yi shiru, jirgi ba ya tashi da umurni.

Me ya hana injin? Ƙarfe. Kowane maƙeri ya san baƙin ƙarfe in ya sha wuta laushi ya ke yi, da ba don haka ba ai da ba a ƙera fartanya. Kafin ƙarfe ya jure zaman cikin wuta sai an gauraya shi da waɗansu ma'adinai masu wuyar samu, irin su nikel da kurom da kobal. Injunan gwaji na farko an yi su da waɗannan a wadace, suka yi kyau. Da aka zo ƙera dubbai sai aka tarar Jamus ba ta da su. Dole injiniya Anselm Franz da mutanensa suka koma ga ƙarfe na yau da kullum suna shafa masa alminiyam, suka rarake ganyayen fankar don iska ta bi ta ciki ta sanyaya su. Dabara ce ta gwanaye, amma ga abin da ta haifa: inji ya yi aikin awa 10, in ya yi tsawon rai ya kai 25, sai a sauke shi. In matuƙi ya yi garajen ƙara mai, sai wuta ta kama. Injin Ingila na lokacin kuwa, wanda aka yi fankarsa da ƙarfe mai yawan nikel, yana wuce awa 100, don su ma'adinan Kanada na hannunsu, teku kuma tasu ce. Daɗin daɗawa, ɗan abin da Jamus ke samu ma sai ya yanke. Turkiyya ta daina sayar mata da kurom cikin Afrilu 1944, ramukan nikel na arewacin Finlan suka fita hannunta cikin kakar wannan shekara. Saboda haka jirgin 1946 da a ke zana mana, ko an ƙera shi, fankarsa sai ta fi ta 1944 rauni.

Mai ma haka. Tun Mayu 1944 jiragen Amurka da na Ingila suka tasar wa ma'aikatun da Jamus ke tatsar mai daga kwal, cikin Agusta kuma rijiyoyin man Rumaniya suka faɗa hannun Rasha. Albert Speer, wazirin Hitila na kayan yaƙi, ya ba da labari da kansa cewa ya ga jerin motocin soja a Italiya shanu ke jansu. In ba mai, ba a koya wa yaro tuƙi. Aka riƙa tura samari sama da ɗan guntun horo, tsofaffin gwanaye kuwa na ƙarewa. An ƙera Me 262 wajen 1,400, amma waɗanda suka taɓa shiga faɗa ba su fi 300 ba. Ran 18 ga Maris 1945 suka yi babbar fita, jirgi 37 suka tashi su tare masu jefa bom sama da 1,200 da 'yan rakiya sama da 600 waɗanda suka nufi Balin. Suka kayar da goma sha wani abu. Sauran suka zubar da kayansu suka koma gida. Cikin 1944 kaɗai Amurka ta ƙera jirgi wajen 96,000, Jamus 40,000, ba a ma sa na Rasha da na Ingila cikin lissafi ba. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

To, a cikin wannan hali na ƙaƙa-ni-ka-yi ne aka zana yawancin jiragen da a ke yi mana ado da su. Ku lura da wannan da kyau. Yawan zanen alamar firgita ce, kamar mai ciwon ajali da a ke ta canja masa boka. Akwai He 162, wanda aka ba da umurninsa cikin Satumba 1944, ya tashi ran 6 ga Disamba, kwana 90 bai cika ba. Fikafikansa na katako ne da aka manne da gam, don ƙarfe ya yi wuya. Bayan kwana huɗu, ana nuna shi gaban manya, gam ɗin ya saki, fiffike ya ɓalle, matuƙin ya mutu. Kun san waɗanda aka yi niyyar ɗorawa a kansa? 'Yan makaranta, tsaranku, na ƙungiyar samarin Hitila, bayan an ɗan koya musu shawagi da jirgin katako maras inji. Allah ya taƙaita, yaƙi ya ƙare kafin a kai ga haka.

Mai kama da jemagen nan kuwa na waɗansu 'yan'uwa biyu ne, Reimar da Walter Horten. Guda ɗaya tak ya taɓa tashi da injin jet, ran 18 ga Fabrairu 1945 inji ɗaya ya mutu, ya faɗi ya kashe matuƙinsa. Wanda ba a gama ba Amurkawa suka kwashe, yana gidan ajiye kayan tarihi kusa da Washintan. Shi kuwa Ta 183 na kamfanin Focke-Wulf, wanda masu zane suka fi ƙauna, ko ƙusa ɗaya ba a buga masa ba.

Abin sha'awa, tarihi ya yi mana gwajin "da a ce" ɗin nan da kansa. Kurt Tank, shugaban masu zanen Focke-Wulf, ya tafi Ajantina bayan yaƙi da takardunsa da mutanensa. Ba mai jefa masa bom, ga gwamnati na ba shi kuɗi, ga inji mai kyau an sayo masa daga Ingila. Duk da haka jirgin da ya fitar daga wannan zane, Pulqui II, bai tashi ba sai 1950, aka ƙera guda biyar, matuƙa biyu suka mutu a cikinsa, aka watsar da shi bai shiga aikin soja ba. Willy Messerschmitt shi ma ya zana wa Masar wani jirgin jet, HA-300, ya tashi cikin 1964, aka yi ta fama da neman inji har aka rufe aikin cikin 1969. Abin da ya gagari mutanen nan cikin shekara goma na zaman lafiya, shi ne a ke so mu yarda za su gama cikin wata shida, cikin rami, ba ƙarfe ba mai.

Garin da aka ƙera jirgin nan na Masar sunansa Helwan, kudu da Alƙahira. Daga wannan gari ne kuwa hanyar labarin ta juyo wajenmu. Cikin Oktoba 1925 waɗansu jirage uku na sojan Ingila suka tashi daga Helwan, suka bi ta Hartum da Darfur, suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba. Su ne jiragen sama na farko da suka sauka ƙasar nan. Shugabansu wani matashin hafsa ne, Arthur Coningham. A lokacin an ɗauka bajinta ce kawai ta samari. Da Italiya ta shiga yaƙi cikin 1940, Bahar Rum ya rufe wa Ingila, sai aka tuna da hanyar nan. Aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a Gwalkwas, a haɗa su can, su tashi ayari ayari su bi ta Ikko, da Kano, da Yerwa, da Fotlami wadda a yanzu a ke kira Njamena, su ratsa Sudan su kai Masar, tafiyar wajen kwana shida. Daga Satumba 1940 zuwa 1943 jirgi sama da 5,000 suka bi ta nan. Wa ke jiran jiragen a can hamadar Masar? Coningham ɗin nan, ya zama shugaban sojan sama masu yaƙi da Rommel. Daga 1944 kuma shi aka ba rundunar saman Ingila da ta bi soja cikin Faransa har Jamus, matuƙansa na cikin waɗanda suka gano lagon Me 262. Ba a kama shi a sama, sai suka riƙa yi masa kwanton ɓauna a bakin filinsa, don in ya zo sauka mai ya ƙare masa, injinsa kuma ba ya ɗaukar gudu farat ɗaya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Jamusawa sun san amfanin hanyar Kano, sun kuma gwada yanke ta sau ɗaya. Wani Theo Blaich, wanda ya taɓa riƙe gona a Kamaru ya san ƙasar, shi ya kawo shawarar. Cikin Janairu 1942 jirgi guda mai farfela, He 111, ya taso daga kudancin Libiya ya ƙetare Sahara, ya jefa bom a Fotlami, wadda ba ta fi mil 150 daga Yerwa ba. Ya ƙone mai wajen galan 80,000. A kan hanyar komawa nasa man ya ƙare, ya sauka cikin rairayi, mutanensa suka yi kwanaki suna lissafin ɗigon ruwa kafin wani jirgin Italiya ya hango su. Ba su sake dawowa ba. Wannan kuwa jirgi ne mai tsimin mai. Me 262 zarin sha gare shi, cikin tankinsa mil 650 kaɗai ya ke kai shi. In ya tashi daga Zariya zai kai Ikko, amma ba zai komo ba. Tsakanin Tarabulus da Kano kuwa kusan mil 1,500 ne, kuma tun Mayu 1943 aka kori Jamus daga Afirka ta Arewa, fiye da shekara guda kafin jet ɗinta na farko ya shiga faɗa.

Mu ma ba 'yan kallo ba ne a wannan yaƙi na sama. A zamanin Sarkin Zazzau Malam Ja'afaru an tara kuɗin taimakon yaƙi a nan kamar yadda aka tara a sauran lardunan ƙasar, daga baitulmali da kuma aljihun talakawa, mai sisi da mai sule. Saboda irin kuɗin nan aka sa wa ƙungiya ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Nijeriya. Cikin damunar 1944 da Jamus ta fara harba wa London bom mai fiffike maras matuƙi, V-1, wanda shi ma wani ɗan injin jet ke tura shi, ƙungiyar nan da jiragenta na Spitfire ta kakkaɓo sama da 180.

Amma babban abin da aka karɓa a hannunmu ba kuɗi ba ne. Cikin Fabrairu 1942 Japan ta cinye Malaya, inda a ke haƙo kuza mai yawa, ita kuwa kuza ba a haɗa wayar jirgi ko gwangwanin abincin soja sai da ita. Sai ido ya koma kan tudun Jos. Mutanen Zazzau sun daɗe da sanin hanyar, gama tun 1914 akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya ya hau tudu har Bukuru, ba a tsai da shi ba sai 1957. Da ma'aikata suka kasa, gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, abin da talakawa suka sa wa suna ɗiban gwamna. A aiko wa En'e da adadi, En'e ta raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci kuwa ya san gidan wanda ba shi da mai tsaya masa. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa, har da namu. Manomi ya bar gonarsa ya tarar da sanyin da bai taɓa ji ba, ga ƙarancin abinci, ga cunkoso cikin bukkoki. Ɗaruruwa suka mutu, waɗansu suka gudu suka bi daji da ƙafa zuwa gida. Kuzar da ta ƙaru kuwa ba ta kai ko kusa da wahalar da aka sha ba. Wannan tabo ne a tarihin mulkin Ingila a ƙasar nan, nasarar 1945 ba ta goge shi ba.

Cikin ƙasar da mutanen nan ke wankewa akwai wani baƙin yashi mai nauyi da ke zuwa tare da kuza, wanda a da a ke zubarwa don yana ɓata ta. Sunansa kwalambait. Tun wajen 1933 aka fara sayensa, don an gano in aka sa ɗan kaɗan daga abin da ke cikinsa a ƙarfe, sai ƙarfen ya jure zafi bai tsage ba. Ku tuna da fankar nan tamu ta biyu. Da zamanin jet ya kankama bayan yaƙi, Amurka ta shiga tara shi da tsada, cikin shekarun 1950 kuwa mafi yawan kwalambait ɗin duniya daga Nijeriya ya ke fita. Watau irin abin da gwanayen Jamus suka rasa har suka koma rarake ƙarfe, danginsa na nan jibge a bakin kududdufan Bukuru, awaki na hawa.

Kada mu bar zancen haƙa ba mu leƙa ɗaya gefen ba, gama masu zana jiragen "da a ce" ba su kan zana wannan. Da bom ya dami ma'aikatun Jamus sai aka mai da su ƙarƙashin duwatsu. Waɗanda suka fafe duwatsun fursunoni ne da bayin yaƙi, Yahudawa da mutanen Polan da na Rasha da na Italiya da sauransu. A Gusen ta ƙasar Ostiriya, inda a ke haɗa gangar Me 262 cikin kogo, dubbai suka mutu. A wani dutse kusa da garin Kahla an tara mutum sama da 10,000, wajen 1,000 ko fiye suka halaka, jiragen da suka fito daga wurin kuwa ba su wuce 30 ba. Ɗiban gwamna zalunci ne na wanda bai damu da ranka ba. Na Gusen kuwa an shirya shi ne a kan mutum ya yi aiki har ya mutu a kawo wani. Duk wanda ya ce da yaƙi ya kai 1946, to ya sani cewa ya yi da an ƙara wa mutanen kogon nan shekara guda.

Mu fa, ina za mu kasance? A Jamus akwai ofishi musamman na shirin mulkin ƙasashen Afirka, a ƙarƙashin Janar von Epp, an zana taswirar wata babbar ƙasa daga Kamaru har gabar gabas, waɗansu taswirorin sun haɗa da Nijeriya. Ba a rufe ofishin ba sai farkon 1943, da al'amari ya ɓaci a Rasha. Ra'ayin maigidan game da mu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Cikin littafinsa Mein Kampf ya nuna cewa koya wa baƙin mutum ilmi har ya zama lauya ko malami laifi ne da ɓarnar dukiya. Cikin Mayu da Yuni 1940 sojansa suka ware baƙaƙen sojan Faransa da suka kama, mutanen Afirka ta Yamma, suka harbe sama da 1,000 bayan sun ajiye makamai. Ɗan makarantar da ke zaune kan benci a Wusasa ko cikin birni, yana sha'awar hoton jemagen nan, ya kamata ya san bencin nasa na cikin abin da jirgin zai zo ya ɗauke. Ita kanta Jamus ma jinkirin ba alheri ba ne gare ta. Jiragen jet na Ingila, Meteor, sun shiga aiki tun Yuli 1944, na Amurka na tafe, cikin Agusta 1945 kuma bom ɗin nukiliya ya faɗa Hiroshima, wanda tun asali tsoron Jamus ne ya sa aka fara ƙera shi.

Sojan saman Jamus dai sun iso ƙasar nan daga baya, amma da gayyata. Da Nijeriya ta sami mulkin kai ta nemi kafa sojan samanta, Jamus ta Yamma aka kira ta koyar. An kafa rundunar da doka cikin 1964, shekarar da aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a nan Zariya. Shugabanta na farko Kanar Gerhard Kahtz ne, na biyu Kanar Wolfgang Thimmig, wanda a yaƙin Hitila matuƙin jirgin tare hari ne na dare. Suka yi ta horad da samarinmu a Kaduna har 1966. Cikin Agusta 1967, lokacin yaƙin basasa, aka sauke jiragen jet na Rasha, MiG-17, a filin Kano. Fikafikansu kwantattu ne, ilmin da masanan Jamus suka fara zurfafawa, amma injin da ke cikinsu jikan wani injin Rolls-Royce ne da Ingila ta sayar wa Rasha bayan yaƙi, watau zuriyar Whittle. A farkon shekarun 1980 kuma gwamnati ta sayo jirgi 24 masu suna Alpha Jet, waɗanda kamfanin Dornier na Jamus ya ƙera tare da Dassault na Faransa, ta biya da kuɗin man fetur, aka kai su Kainji, 'ya'yan ƙasar nan suka hau.